Tsohon San Andreas ko sabon?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka sayi wasan bidiyon GTA San Andreas da aka yi wa kwaskwarima ko ka tsaya kan tsohon na PlayStation 2. Ni dai in kana da halin buga tsohon, kada ka sake shi.

Wanda kamfanin Rockstar suka fitar a 2021, Definitive Edition, hotonsa ya fi fitowa tas, saitin harbi ya fi sauƙi, kuma in aka kashe ka a tsakiyar aiki ba sai ka koma farko ba. Sai dai sun share hazon nan mai ruwan goro da ke rufe nesa a tsohon na 2004. Dabara ce aka yi don na'urar ba ta iya zana duk garin lokaci guda, amma shi ya sa Los Santos, birnin da ke cikin wasan, ke kama da ba ta da iyaka. Da aka cire shi, kana hawa dutsen Mount Chiliad sai ka ga kusan duk taswirar a gabanka, ashe 'yar ƙarama ce. Ga fuskoki kamar na roba, wasu waƙoƙin rediyo kuma an cire saboda lasisi.

Gyaran da aka yi wa sabon a 2024 ya dawo da tsohon hasken a matsayin zaɓi a cikin saiti. In sabon kaɗai za ka samu, fara kunna wannan zaɓin.