Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Tsohuwar Fitilar Jirgin Ƙasa na Wasa

Tambaya: Na sayi akwatin kayan jirgin ƙasa na wasa a wurin gwanjo a Chicago, inda nake zaune, sai na tarar da 'yar fitilar kan titi a ciki, mai lanƙwasasshen wuya kamar na dinya, tsawonta kusan taƙi guda. Yaya zan gane kamfanin da ya ƙera ta da shekarunta? Daga wani mai karatu a Amurka.

Amsa: Malam, kafin komai ka kifa ta ka duba ƙarƙashin gindinta, domin kamfanin Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a New York a 1900, ya saba buga sunansa da lambar kaya a wurin. Siffar da ka bayyana ta yi kama da fitilar Lionel mai lamba 58, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1922 zuwa 1950, sai dai lambar kaɗai ba za ta faɗa maka shekara ba, tunda zamanin yana da tsawo, kuma kamfanin ya dakatar da kayan wasa daga 1942 zuwa 1945 saboda yaƙin duniya. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi dogara da launin fenti, wanda ya riƙa sauyawa da zamani. Shi ya sa nake roƙonka kada ka sake mata fenti ko da ya ɓare, don hakan yana zubar da darajarta.

Idan babu rubutu, tsawon zai taimaka: fitila mai taƙi guda ta manyan jiragen wasa ce irin waɗanda ake kira ma'aunin O, ta fi ƙarfin ƙananan da ake kira ma'aunin HO. Ka kuma lura da wayarta. Tsohuwa takan zo da rufin zare ko roba da ta bushe tana marmashewa, ita kuwa waya mai santsi da fenti mai ƙyalli suna nuna gyara ko sabon kwaikwayo, irin wanda MTH, wani kamfanin jiragen wasa, ya yi. Idan ka ga gindin ya kumbura yana tsattsagewa, ciwon tutiya ne, wato lalacewar ƙarfen da aka zuba gindin da shi, wanda gurɓataccen haɗin ƙarfe ke jawowa, kuma ba ya warkewa.

Kada ka kuskura ka jona ta da wutar gida. Ƙwan fitilar na bolt 14 ne ko 18, don haka sai ta taransifomar jirgin mai rage ƙarfin wuta, bayan ka sauya tsohuwar wayar.