Kafin ka nemi bizar Jamus, koma gaban injin nan na Dilimi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma da yake ba kai kaɗai ke aiko mini da irin wannan tambaya ba, na ga gara in amsa a fili kowa ya ɗebi rabonsa. Ka ce ka gama difloma a fannin injina a kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, ka yi zaman SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, a wani shagon masu sassaƙar ƙarfe a Dilimi da ke Jos, amma kana ganin ɓata lokaci ne, tunda injinansu tsofaffi ne na hannu, alhali a Turai kwamfuta ke yanka ƙarfe. Kana so in nemo maka hanya ka zo Jamus ka koyi CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, kai tsaye.

Hanya akwai ta, zan zo kanta. Maganar ɓata lokacin ce ban yarda da ita ba.

Injin da nake tsayawa a gabansa a wata masana'anta kusa da Stuttgart yana da allo da maɓallai, yana canza wuƙaƙensa da kansa, ƙofarsa a rufe take ruf idan yana aiki. To amma abin da ke faruwa a bakin wuƙar nan, shi ne dai abin da ke faruwa a injin juyin maigidanka na Dilimi, mai juya ƙarfe wuƙa na sassaƙarsa. Kwamfutar ba ta san ƙarfe ba. Inda ka ce wuƙa ta je, nan za ta kai ta, da gudun da ka rubuta mata, ko da hakan zai karya wuƙar ya lalata aikin. Wanda ya san dalilin lambobin shi ake kira ma'aikaci a nan. Wanda bai sani ba, ɗora kaya da sauke kaya ne aikinsa, kuma shi ake fara sallama ranar da kasuwa ta ja baya.

Wuƙar inji ba ta tsaga ƙarfe yadda gatari ke faskara itace. Tura ƙarfen da ke gabanta take yi da ƙarfin tsiya, har ya zame a kan junansa, ya tashi ya bi fuskar wuƙar ya fita a matsayin sassaƙe. Kusan duk ƙarfin da motar inji ke kashewa a wannan turi zafi yake komawa. Idan aiki na tafiya daidai, mafi yawan zafin, sassaƙen ne ke tafiya da shi. Idan bai tafi daidai ba, sai ya zauna a wuƙa ta dakushe, ko ya shiga jikin aikin ya kumbura shi. Sana'ar gaba ɗaya a kan sarrafa wannan zafi da wannan turi take, kuma lambobi uku ne a hannunka: gudun yanka, takun da wuƙa ke yi a kowane juyi, da zurfin da take ci.

Gudun yanka shi ne yara suka fi rikitawa, domin sun ɗauka shi ne yawan juyin inji a minti. Ba shi ba ne. Gudun yanka shi ne tsawon ƙarfen da ke wucewa ta bakin wuƙa a minti ɗaya, da mita ake faɗinsa. Ɗauki sandar ƙarfe mai kaurin milimita 50. Da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai jure gudun yanka, irin wadda maigidanka ke wasawa a dutse, ƙarfe mai taushi yana son kamar mita 30 a minti. Ka ninka 30 sau 1,000, ka raba da 3.14 sau 50, za ka samu juyi kusan 190 a minti. Sa haƙorin kabaid, wanda ya fi HSS tauri da jure zafi, a kan sandar nan, gudun ya koma mita 200, juyin ya haura 1,270. Sanda ɗaya ce, inji ɗaya ne, wuƙa kawai aka canza. Kuma da zarar sandar ta sirance, dole juyi ya ƙaru kafin gudun yanka ya tsaya inda yake. A CNC akwai umarnin G96 da ke yin wannan lissafi da kansa: wuƙa na matsawa tsakiya, juyi na ƙaruwa. Wanda bai fahimci haka ba, sai ya manta ya sa wa juyin iyaka, injin ya ɗauki gudu har ƙarshen ƙarfinsa da aiki mai nauyi a bakinsa. Yaron da ya taɓa canza giya da hannunsa don sanda ta sirance ba ya wannan mantuwa.

Akwai wani Ba'amurke, Frederick Taylor, wanda ya shafe shekara 26 yana gwajin yanka ƙarfe kafin ya fitar da sakamakonsa a 1907. Shi da abokin aikinsa Maunsel White ne suka nuna wa duniya ƙarfen HSS a baje kolin Paris na 1900, wuƙa tana yanka bakinta ya yi ja amma ba ta saki ba. Abin da ya gano, wanda har yau da shi ake aiki, shi ne gudu ya fi komai cin rayuwar wuƙa. A haƙorin kabaid, idan ka ninka gudu sau biyu, rayuwarsa na iya raguwa kusan sau 16. A HSS abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Zurfin yanka kuwa, cinsa kaɗan ne idan aka kwatanta. Shi ya sa gwani idan yana son ya rage ƙarfe da sauri, zurfi yake fara ƙarawa, sannan taku, gudu a ƙarshe. Kabaid ɗin kansa kamfanin Krupp na nan Jamus ne ya shigo da shi kasuwa a 1926 da sunan Widia. Ka ga duk wannan ilimi ya riga kwamfuta, domin injin farko mai bin umarnin lambobi sai 1952 aka nuna shi a jami'ar MIT.

Yanzu sassaƙe. Da a ce zan iya tilasta maka abu ɗaya, da na sa ka zauna kana kallon sassaƙe har ka iya karanta shi. A ƙarfe da haƙorin kabaid, sassaƙen da ya fito gajere, a murɗe, ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi, yana gaya maka zafi na tafiya inda ya dace. Amma idan da HSS kake aiki ka ga shuɗi, rage gudu, wuƙarka na ƙonewa. Wanda ya fito dogo yana nannaɗe aiki da wuƙa, yawanci taku ne ya yi kaɗan, bai kai ya karye ba, kuma shi ne mai yanke yatsa. Ƙarfen zubi, irin na durom ɗin birki, garin sassaƙe yake bayarwa, galibi ma ba a sa masa ruwan sanyaya. Alminiyom da ƙarfe mai taushi, idan gudu ya yi ƙasa, sai su liƙe a bakin wuƙa su yi mata wani baki na ƙarya, yana ginuwa yana ɓallewa, fuskar aikin ta fito a kakkarce. Mai tsoro sai ya ƙara rage gudu, alhali maganin a ƙara shi ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi kuma ba ya son a shafa shi: in wuƙa ta goge shi ba ta ci ba, sai fatarsa ta taurare, zagaye na gaba ta tarar da abin da ya fi na farko tauri.

Kunne ma yana aiki. Ƙarar nan mai kaifi da inji ke yi, wadda ke barin zane-zane a jikin aiki, karkarwa ce. Ko wuƙa ta leƙo da yawa daga mariƙinta, ko sanda ta yi tsawo ba a tokare ta ba. Sandar da ta fito daga bakin inji fiye da ninki uku na kaurinta, a tokare ƙarshenta. A injin hannu kana jin wannan karkarwa a tafin hannunka kafin kunne ya ji. A nan, bayan gilashi da feshin ruwa, ba ka ganin komai sosai, sai abin da kunnenka ya riga ya koya.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: kwalambait ɗin da aka haƙa tare da kuza a ƙasarmu ta Filato, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950, daga cikinsa ake samun sinadarin niyobiyom. Yana shiga cikin gaurayen ƙarafan injin jirgin sama, masu jure wuta, waɗanda duk mai sassaƙa ke jin jiki a kansu saboda yadda suke cinye haƙori. Ramukan da ke cike da ruwa a wajen Bukuru da Rayfield suna da dangantaka da aikin nan fiye da yadda muke zato.

Inda za ka sha wuya da gaske shi ne awo, kuma a nan ne nake ganin gida ya bar mu a baya, ba a inji ba. A gida idan gurbin boris ya yi faɗi, sai a daddage shi da kusa ko a cusa gwangwani, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Ban raina wannan dabara ba, ta fitar da mutane kunya a kan hanyar Bauchi ba sau ɗaya ba. Amma a nan zane zai ce maka rami 50 H7, ma'ana daga milimita 50.000 zuwa 50.025. Tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ka wuce ta, aikin ya tafi kwandon shara, da lambarka a takardar. Baniya, ma'aunin nan mai zamewa, ba ta isa wannan awo ba, sai maikiromita, wadda ta fi ta auna ƙanƙanin tazara, da ma'aunin rami. Sannan ƙarfe yana miƙewa da zafi: abu mai milimita 100 idan ya ɗumama da digiri 20, zai ƙaru da kusan 0.024. Wato ka auna shi da zafinsa daga inji ka ga daidai, ya huce ya fita daga iyaka. Shi ya sa duk awon masana'anta a duniya a kan digiri 20 aka tsayar da shi. Gwada da kanka: auna sanda ɗaya da sanyin asubar hunturun Jos, ka bar ta a rana ka sake aunawa da azahar.

Laushin fuskar aiki ma da lissafinsa. Idan ka raba taku biyu, kaushin da wuƙa ke bari yana raguwa kusan sau huɗu, amma lokacin aiki ya ninka, kuma a nan kowane minti na inji kuɗi ne. Zane kuwa, wajen jera ɓangarorin abu a takarda, Jamusawa da tsarin kusurwa ta farko suke aiki, Amurkawa da ta uku. Koyi gane alamar da ke gindin takarda, in ba haka ba za ka huda rami a ɓangaren da ba nasa ba.

To, hanyar zuwa. Sana'ar sunanta Zerspanungsmechaniker, koyonta shekara 3 da rabi ne, wasu kwanaki a masana'anta, wasu a makarantar sana'a, da jarrabawa kashi biyu a hannun hukumar 'yan kasuwa da masana'antu ta IHK. Ana farawa a Agusta ko Satumba, kamfanoni kuma kan fara ɗiban yara kusan shekara guda kafin nan. Ana biyan ɗan koyo. A kamfanonin da ke bin yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta IG Metall, albashin shekarar farko ya haura Yuro 1,000 a wata kafin a cire na inshora, ƙananan shaguna kuma suna biyan ƙasa da haka. Kada ka juya shi zuwa Naira ka ruɗe, kuɗin ɗaki kaɗai a yankin Stuttgart zai cinye kaso mai tsoka. Dokar shigo da ƙwararru da ta fara aiki a Maris 2020 ta sauƙaƙa wa irinku, amma sai da takardar yarjejeniya daga kamfani, da shaidar Jamusanci, galibi matakin B1. Cibiyar Goethe da ke Legas tana shirya wannan jarrabawa. Ni dai B1 nake gani a matsayin na shiga ƙofa kawai, domin malamin makarantar sana'a ba zai rage gudun bakinsa saboda kai ba, mutanen yankin nan kuma suna da nasu karin harshen da ba ya cikin littafi.

Babu kamfanin kirki da ke karɓar kuɗi don ya ba ka gurbin koyo. Duk dillalin da ya ce a sayar da filin Hajiya a ba shi, rabu da shi.

Ka kuma sani kasuwar ba kamar da ba ce. A ƙarshen 2024 Volkswagen ta sanar da rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030, motar lantarki kuma ba ta buƙatar yawan sassan da ake sassaƙa wa injin fetur. Har yanzu ana neman masu hannu, musamman a kayan asibiti, jiragen sama da ƙera injina, sai dai wanda ya iya saita inji ake nema, ba mai danna maɓalli ba. Aikin karɓa-karɓa ne, wani mako asuba, wani mako dare, a tsaye. Sallar Juma'a sai ka daidaita da shugaban sashenka tun da wuri. Sanyin Jos da kuke taƙama da shi, a nan kaka ce.

Ga abin da nake so ka yi a shekarar da za ka ɗauka kana koyon harshe. Koma wurin maigidanka da ladabi, ka roƙe shi ya koya maka wasa wuƙa da hannu da yanka zare a inji. Leƙa hedikwatar ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, da ke Jos ka tambayi irin horon da suke da shi a yanzu, ka kuma nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Sayi maikiromita taka ta kanka, ko ta hannu ce, ta 25 zuwa 50. A gaban injin juyi ban da safar hannu, ban da zobe, ban da jallabiya ko riga mai sakin hannu, kada ka bar makulli a bakin inji ko na ƙiftawar ido, sassaƙe kuma da ƙugiya ake jan sa.

Sannan ka sassaƙa mini sanda mai hawa uku, milimita 40 da 35 da 30, kowane hawa kada ya kauce fiye da 0.02. Rubuta irin ƙarfen, irin wuƙar, juyi da takun da ka sa, ka ɗauki hoton awon da na sassaƙen ka turo. Hotunan nan za mu haɗa da takardar neman gurbinka, domin masu ɗaukar yara a nan suna son ganin abin da hannu ya yi. Ka gaishe mini da Hajiya da ƙannenka.

Kawunka.