Ku Tambayi Masana: Yadda Ake Haɗa Allon Sa Ido a kan Sabobi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da sabobi uku masu Linux, amma kullum sai masu shiga shafinmu sun fara ƙorafi sannan nake sanin an samu matsala. Ina so in haɗa allo guda da zan riƙa buɗewa a burauza in ga lafiyarsu. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajoji uku sun ishe ka haɗa allon, kuma duk kyauta ne. A kowace saba ka girka node_exporter, shi ne ke fitar da alƙaluman na'urar ta ƙofar sadarwa (port) ta 9100. Prometheus, mai zama a ƙofa ta 9090, zai riƙa zuwa yana kwasarsu duk bayan daƙiƙa 15 idan ka saita hakan a fayil ɗin prometheus.yml. Grafana kuma, a ƙofa ta 3000, ita ke mayar da su zane. Ba sai ka zana daga tushe ba: ka shigo da shiryayyen allon Node Exporter Full mai lamba 1860, ka rage abin da bai dame ka ba.

Amma Prometheus da Grafana kada su zauna a cikin sabobin da ake gadi. Ranar da sabar ta faɗi, da mai gadin za ta tafi, ka rasa mai faɗa maka. Ka ware musu ƙaramar na'ura ta huɗu, sannan ka rufe ƙofa ta 9100 ga kowa sai adireshinta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne karanta RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta. Linux na ɗaukar sararin da ba a amfani da shi ya ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan, ya sake shi da zarar wata manhaja ta nema. Shi ya sa MemFree, ma'aunin RAM ɗin da babu komai a ciki, kan nuna kamar an kusa cika alhali lafiya lau. MemAvailable za ka kalla, ma'aunin RAM ɗin da manhajoji za su iya samu. Haka ma nauyin aiki (load average), ba a karanta shi sai an haɗa da yawan ƙwayoyin furosesa: 4 a na'ura mai ƙwaya 8 ba abin damuwa ba ne, a mai ƙwaya 2 kuwa ayyuka sun yi layi. Idan kuma iowait ne ya hau, furosesa zaman jiran faifai take yi, ƙara mata ƙwayoyi asarar kuɗi ne. Alƙaluman furosesa ƙidaya ce mai hawa kullum, don haka a naɗe su da rate(), mai lissafa saurin hawansu, na minti 5, in ba haka ba zanen layi ne miƙaƙƙe mara amfani.

Faifai ma ta fuska biyu yake cika, sarari da inode, wato gurbin rajistar da kowane fayil ke ɗauka. Ɗimbin ƙananan fayiloli kan cinye inode alhali sarari na nan, rubutu ya tsaya cak.

Tun da ba za ka kwana gaban allo ba, ka haɗa Alertmanager, mai isar da ƙararrawar Prometheus, ya riƙa turo saƙo ta imel ko Telegram. Ka gindaya a dokokin ƙararrawa na Prometheus sai matsala ta ɗore minti 5 kafin a turo saƙo, don kada yawan ƙararrawa ya sa ka daina dubawa. Prometheus kwana 15 kawai yake adana bayanai in ba ka canza ba. Idan kana son kwatanta wata da wata, ka ɗaga shi zuwa kwana 90 tun ranar farko.