Yoga da Ayurbeda a lokacin basanta: me za a saya, me za a bari?

Tun da watan Maris ya kama, wasiƙun da ke zuwa mini suka karkata ga yoga, wato salon motsa jiki da numfashi na Indiya, da maganin gargajiyar ƙasar da ake kira Ayurbeda. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Malama, ni ɗaliba ce a birnin Hyderabad na Indiya, shekarata ta biyu. Tun bayan Holi, bikin watsa launuka na Hindu, nake fama da mura da nauyin jiki, da na ci abinci sai barci. Ƙawayena 'yan ƙasar sun ce lokacin wanke dattin cikin jiki ne ya zo. Wani mai kanti ya haɗa mini kwali guda: garin triphala, ƙwayoyin ashwagandha, da wasu 'yan ƙwayoyi da aka rubuta bhasma a jikinsu, har da tayin kwana bakwai a gidan jinyarsu. Kuɗin ya kai rabin abin da ake aiko mini a wata. In saya?

Amsa: 'Yata, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki ji inda maganar ƙawayenki ta samo asali. Masana Ayurbeda sun raba shekara gida shida, wata bibbiyu. Basanta shi ne wanda ke biyo bayan sanyi, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da itatuwa ke toho. A fahimtarsu, abin da suke kira kapha, wato majina da maiƙo da nauyin jiki, yana taruwa a lokacin sanyi, sai rana ta narkar da shi kamar man shanu, ya kashe wutar ciki, mutum ya shiga mura da kasala. Wannan bayaninsu ne na gado, likitancin asibiti bai auna shi ya tabbatar ba. Amma ki dubi abin da tsofaffin littattafansu, irin su Charaka Samhita, suka ce a yi a wannan lokaci: a ci sha'ir da alkama, a rage maiƙo da zaƙi da tsami, a sha ruwan citta ko ruwa da zuma, a motsa jiki, a bar barcin rana. Duk wannan a kasuwar kayan miya ake samunsa da kuɗi ƙalilan.

Ki lura da abin da maƙwabtanki ke ci ranar Ugadi, sabuwar shekarar mutanen Telangana, jihar da Hyderabad ke ciki, da ke faɗowa a Maris ko Afrilu. Za su kawo miki ɗan kwano da aka dama tsamiya da mazarƙwaila da ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, a sama kuma furen darbejiya fari yana yawo. Ita ce darbejiyar da ke ƙofar gidajenmu, asalinta daga can ne. Haka su kansu ke tarbar basanta, da ɗan ɗaci a cokali.

Yanzu kwalin. Bhasma ki ajiye shi gaba ɗaya. Toka ce da ake yi da ƙarafa da ma'adinai, wasu da gangan ake sa musu zaiba ko dalma, bisa imanin cewa ƙonawa ta tsarkake su. A 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka auna magungunan Ayurbeda 70 da suka saya a kantuna, 14 suka fito da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. A 2008 suka auna 193 da aka sayo ta intanet, nan ma kusan ɗaya cikin biyar. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Dalma ba ta da warin da za ki ji, a hankali take taruwa a jini da ƙashi, kuma ke mace ce da haihuwa ke gabanki.

Ashwagandha ma, wadda saiwar wani tsiro ce, ban ga dalilinta a larurarki ba. An samu mutanen da ta taɓa musu hanta, mai ciki da mai matsalar maƙoƙo an hana su ita, ƙasar Denmak kuwa ta hana sayar da ita a 2023. Triphala 'ya'yan itace uku ne da aka busar aka daka, aikinta sassauta ciki. In ba ki da taurin bayan gida, babu abin da za ta ƙara miki.

Kwana bakwai ɗin nan kuwa, babban aikin da ake yi a basanta sunansa bamana, wato sa mutum amai da gangan bayan an ɗura masa man shanu na kwanaki. Ba aikin mai kanti ba ne. A Indiya likitan Ayurbeda na gaske yana da digirin BAMS na shekara biyar da rabi, da lambar rajista, kuma akwai ma'aikatar gwamnati mai suna AYUSH da aka kafa a 2014 tana kula da harkar. Ko shi, sai ya tambaye ki lafiyar zuciya da gyambon ciki kafin ya fara. Shawarata: ki sayi citta da zuma, ki rage soye-soye da shayi mai zaƙi, ki yi tafiyar rabin awa bayan asuba. In mako biyu ya wuce ba sauƙi, ki je asibitin makaranta a duba jininki, domin ƙarancin jini da ƙurar furanni duk suna kawo abin da kika lissafa.

Tambaya: Ni magidanci ne a Kano, shekaruna 54, ina shan maganin hawan jini. Ɗana ya nuna mini bidiyon wani malamin yoga yana cewa a bazara a sha kayan yaji da ruwan zafi, a yi atisaye mai sa gumi, a yi numfashin nan mai fizgar ciki, kuma kada a yi barcin rana. Akwai darasinsa na biya ta waya. In shiga?

Amsa: Alhaji, a fassara aka samu tangarɗa. Lokacin da malamin ke nufi shi ne na fitowa daga sanyi da laima zuwa ɗumi mai daɗi, masu fassara kuma suka saba kiransa bazara don ba mu da irinsa. Bazararmu ta Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, randa ta ƙafe kafin la'asar, ta fi kama da lokacin da su ke kira girishma. Shawarar Ayurbeda a girishma kishiyar wadda ka ji ce: ruwa-ruwa da sanyi-sanyi, a rage yaji da gishiri, a sassauta atisaye, kuma shi ne lokacin da suka yarda da barcin rana. Wato furarka da nono da ƙailularka sun dace da tsarin nasu.

Numfashin fizgar ciki sunansa kapalabhati, kuma malaman yoga da kansu suna hana mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ciki yin sa. Haka tsayuwa da ka, ƙafa a sama. Darasin da aka naɗa bai san awon jininka ba, don haka ban ba ka shawarar biya ba. Miƙe gaɓoɓi a hankali da numfashi mai tsawo na minti goma sha biyar kafin rana ta fito ya wadatar. Maganinka na asibiti kada ka tsallake ko na kwana ɗaya.

Tambaya: Malamar makaranta ce ni a Damagaram, ciwon baya ya dame ni. Ina son gwada yoga, amma shimfiɗar tana da tsada, kuma na ji ana cewa akwai gaida rana a ciki. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya. Akwai jerin motsi goma sha biyu da ake kira suriya namaskar, ma'anarsa gaida rana, kuma a wasu wurare ana haɗa shi da kirarin addinin Hindu. Ba ke kaɗai kika tsaya a nan ba. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi yogar da ke ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2015, da za a yi Ranar Yoga ta Duniya karo na farko, 21 ga Yuni, gwamnatin Indiya ta cire suriya namaskar daga tsarin bikin bayan ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi. Hukunci na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan tabbatar miki shi ne motsin da ke taimakon baya ba ya buƙatar kirari ko fuskantar rana: kwanciya rigingine ki jawo gwiwa zuwa ƙirji, durƙuso da hannu da gwiwa ki lanƙwasa baya sama da ƙasa, ɗaga ƙugu daga kwance. Likitocin gashin ƙashi suna koyar da irinsu. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga ciwon baya mai daɗewa kafin a kai ga ƙwaya. In ciwon yana sauka ƙafa da mutuwar jiki, asibiti tukuna.

Shimfiɗa kuwa, amfaninta biyu ne, hana santsi da kare gwiwa. Ki fara da bargo ninki biyu a kan tabarma har wata guda. In kin ɗore, ki nemi mai kaurin milimita 5 ko 6. A kanti ki jiƙa tafin hannu kaɗan ki danna ki tura. In ya zame, ki bar ta. Ki shinshina, mai warin roba sosai za ta ƙara wari a ɗaki mai zafi.

Tambaya: 'Yar butar wanke hanci da ake kira neti, tana da amfani ga toshewar hanci?

Amsa: Tana da shi, kuma a duk kayan da aka tambaye ni yau ita ce zan ce a saya. Ruwan gishiri yana wanke ƙura da majina. Ka zaɓi ta tangaran ko ta ƙarfe mai faɗin baki, wadda yatsa zai shiga ya wanke cikinta. Hatsarin a ruwan yake: a 2011 mutum biyu suka rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun yi amfani da ruwan famfo mai wata ƙwayar cuta da ke bi ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Ka tafasa ruwan minti biyar, ka bari ya huce zuwa ɗumin jiki, ka sa rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi ɗaya. Ka sunkuya, ka karkata kai, ka yi numfashi ta baki. In ka gama ka wanke butar ka kife ta ta bushe, kuma kowa da tasa a gida.