Tirelar wani kamfani ta buge ƙanina a hanyar Jidda ya ji rauni, ta ina za mu nemi diyya?

Malam, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Tunda tirelar kamfani ce kuma akwai rauni, rahoton Murur, wato 'yan sandan kula da hanya na Saudiyya, shi ne ginshiƙin maganar, don a ciki ake rubuta kason laifin kowa. Ku karɓe shi, ku haɗa da rahoton asibiti da duk rasidai, ku kai wa kamfanin inshorar tirelar. Inshora dole ce a Saudiyya. Diyyar rauni kuwa kotu ce ke yanke ta, ana shigar da ƙara ta Najiz, wato shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya.

Abin da ke damuna, mutanenmu kan sa hannu a takardar tanazul, wato yafewa, tun mara lafiya yana kwance, kafin likita ya tabbatar da girman raunin. Don Allah kada ku sa hannu sai lauya mai lasisi ya karanta, musamman in iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, tana da matsala.