Ƙasusuwan da makiyaya ke gani a yankin Ingal: na wace dabba ce?

Malam, ka ce kawunka ya ga manyan ƙasusuwa sun zama dutse a dajin Ingal, kana tambaya ko na raƙumin dawa ne. A nawa ganin, sun fi kama da na dinoso, wato dabbobin zamanin da can da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, wataƙila Jobaria, dabba mai dogon wuya da doguwar wutsiya wadda ko a nan Yamai ba kowa ya san sunanta ba.

Ayarin Paul Sereno, masani daga jami'ar Shikago, ya tono ta a 1997, aka raɗa mata suna Jobaria tiguidensis a 1999, daga Jobar, wata halitta ta tatsuniyar Abzinawa, da kuma dutsen Tigidit. Tsawonta ya kai mita 18, haƙoranta masu faɗi ne kamar cokali, ganye take ci. Da farko an ƙiyasta shekarunta miliyan 135, daga baya bincike ya nuna sun haura miliyan 160. Kada a haɗa ta da Nigersaurus, wani dinoson da aka samu a Gadufawa cikin hamadar Tenere, wanda bai wuce mita 9 ba, mai haƙora fiye da 500.

Abin da ya fi damuna shi ne a cire ƙashin daga mazauninsa. Da ƙasar da ke kewaye da shi ake gane shekarunsa, kuma yakan farfashe da zarar an ɗaga shi. Kawu ya ɗauki hoto da sanda a gefe don a ga girmansa, ya riƙe wurin a ransa, sannan ku sanar da gidan tarihi na Bubu Hama ko cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) ta jami'ar Abdu Mumuni, domin masana kaɗai za su tabbatar.