Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Blus Ɗina Ba Ya Rangaji?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina koyon jita, na iya kod ɗin A da D da E (wato haɗin sautukan da ake dannawa a kaɗa tare) kuma an ce min da su ake kiɗan blus, amma wlh idan na kaɗa sai ya fito a miƙe sam babu wannan rangajin da nake ji a wurin Amurkawa. Ni ɗan Agadas ne, kunnena ya saba da kiɗan jitar Abzinawa irin na su Bombino, ko shi ne matsalar?
Mai karatu daga Agadas

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kod ɗinka lafiya lau suke, matsalar tana hannun dama ne, wato yadda kake raba bugu.

Fara da tsarin tukuna. Ka ƙirga ɗaya biyu uku huɗu, wannan gida ɗaya ke nan, blus na gargajiya gida 12 ne zagaye guda: huɗu a A, biyu a D, biyu a A, ɗaya a E, ɗaya a D, sai biyu a A, galibi a gidan ƙarshe ana taɓa E don a juyo farko.

To ga inda rangajin yake. Kai kana raba kowane ƙirga kashi biyu daidai wa daida, su kuwa kashi uku suke yi masa sai su tsallake na tsakiya, su bugi na farko da na uku kawai, shi ya sa ake jin dogo-gajere dogo-gajere kamar tafiyar mai ɗingishi, wannan salon bugun shi ake kira shafal. Kuma ka bar cikakken kod ɗin nan tukun, tsirkiya biyu sun ishe ka. A kod ɗin A, ka bar tsirkiya ta 5 (ana ƙirga tsirkiyoyin ne daga mafi siriri) a sake, ka danne ta 4 a firet na 2 (firet su ne ƙananan ƙarafan da suka rarraba wuyan jita) ka buga sau biyu, ka kai firet na 4 ka buga sau biyu, ka dawo. D haka nan ne da tsirkiya ta 4 da ta 3, E kuma ta 6 da ta 5. Duk bugun ƙasa za ka yi, ka ɗan ɗora gefen tafinka a kan tsirkiyoyin can ƙasa inda aka ɗaure su don sautin ya danne kar ya yi ta amo. Irin wannan tafiyar akwai ta a faifan da Robert Johnson ya ɗauka a Texas a 1936 da 1937, amma ni na fi so ka saurari Jimmy Reed, ka sa kunne a jitar Eddie Taylor da ke bayansa, a sanyaye take tafe ba gaggawa. Chuck Berry ma tsarin yatsun nan ne yake yi, sai dai shi sau da yawa yana miƙe bugun ya ƙara gudu.

Batun Agadas kuwa, ai ba matsala ba ce sam. Makaɗan jitar Abzinawa sukan daɗe a kan kod ɗaya ko biyu suna juya shi, John Lee Hooker ma haka yake yi, bai damu da cika gida 12 ba. Abin da zai ba ka wuya kawai shi ne tuna lokacin canja kod, don haka ka riƙa ƙirgawa a bayyane kana buga ƙafa, ka sa metronom na waya, wato manhajar da ke ƙwanƙwasa maka lokaci, a bugu 60 a minti ɗaya, kar ka ƙara gudu sai ka yi zagaye uku a jere ba ka ɓace ba.